Maye a Bakin Ƙofa

Kalma ɗaya ce ta so ta ɓata wa ƙanwata Nasira aure, kuma kalmar ba ta cikin littafin ma, mu muka sa ta da bakinmu.

Nasira malama ce a wata makarantar yara a Oforikrom. Tun tana ƙarama ta kamu da ciwon karatun littattafan Turawa, a tsaye take yi, a kwance take yi, har a cikin motar haya ta torotoro mutane na matse ta tana buɗe shafi. Ni Balki ɗinki na sani, idan na ga rubutu ya wuce layi biyar barci ke ɗaukata. Kakarmu Adiza ce ta raine mu a ɗakinta na gidan haya a Moshi Zango, tun ranar da mahaifiyarmu ta rasu Nasira na rarrafe. Yanzu idanun Kaka sun yi rauni, ta bar sayar da koko, amma kunnenta da bakinta ba abin da ya taɓa su.

Akwai wani littafi da Nasira ta karanta kashi na farko, ta zauna jiran na biyu kamar mai jiran dawowar alhazai. Ranar da ya zo hannunta ko tuwo ba ta ci ba. Tana zaune a baranda, ta yi dariya, ta yi tsaki, can ta share hawaye da bakin mayafi. Kaka ta gaji da sauraro, ta ce ita ba ta taɓa ganin takarda ta sa mutum kuka ba sai takardar asibiti, a gaya mata abin da ke ciki. Nasira ta ce labarin soyayya ne, tsakanin wata yarinya da wani bamfaya.

"Bamfaye?" in ji Kaka. "Wace ƙabila ce wannan kuma? Mutanen wajen Bawku ne?"

Nasira ta yi dariya har littafin ya faɗi. Ta bayyana mata cewa ba ƙabila ba ce, wani halitta ne mai siffar mutum, jini yake sha, ba ya tsufa, sai rana ta faɗi yake fita. Kaka ta ce to ai sai ta ce maye, mene ne na wahalar da harshe. Ni ina gefe ina kalmasa bakin wata riga, na ɗaga kai na ce su yi hankali, maye ba kalmar wasa ba ce a gidan da ɗakuna ke jin numfashin juna. Nasira ta ce, "Yaya Balki, littafi ne kawai." Daga ranar mutumin littafin ya zama Maye.

Haka muka samu abin yi bayan magariba. Nasira ta karanta shafi a zuci, ta juya mana shi da Hausa, Kaka na sa baki kamar ita ce alƙalin garin. Yarinyar labarin gyaran agogo take yi a wani gari mai sanyi. Mayen tun littafi na farko yake sonta, kyakkyawa ne, mai sanyin murya, ladabi kamar ya kashe shi. A littafi na biyu sai ga wani ƙato mai gasa burodi, wanda mu nan muke ce wa paanu, ya tare a layinsu, mai yawan dariya, kullum hannunsa fari fat da gari. Shi ma ya ce yana ciki. Nan gidanmu ya rabu biyu. Nasira ta tsaya wa Mayenta, wai shi ya san so, wai ko kallon yarinyar ya yi sai tsikar jikinta ta tashi. Kaka kuwa ta kama Mai Paanu ta riƙe, ta ce namijin da ke ƙamshin abinci ba a barinsa a bi wanda ko inuwa ba shi da ita. Ni duk wanda ya tambaye ni sai in ce ina bayan agogo.

Na ji daɗin kwanakin nan, ba zan ɓoye ba. Rabon da in ji Kaka na dariya har tana tari tun kafin idonta ya lalace.

Wata rana littafin ya jero halayen Maye, Nasira ta zayyano mana su. Ba ya fita cikin rana. Ba ya cin abincin mutane, ko an ba shi sai ya ce ya ƙoshi. Idanunsa ja ne. Warin tafarnuwa na korarsa. Babba daga ciki, ba ya iya tsallake bakin ƙofar gida sai mai gidan ya ce masa ya shigo. Kaka ta ce a maimaita mata, aka maimaita. Sai babin da ya biyo baya ya zo da abin da ya tayar mana da ƙura: yarinyar ta faɗo daga tsani a sabon shagonta, ta suma, Mayen yana bakin ƙofa yana ganinta, ya kasa shiga domin ba a taɓa yi masa izini ba. Yana nan yana kuka Mai Paanu ya zo a guje, ya bangaje shi ya shige, ya sungumi yarinyar. Nasira ta yi kuka saboda tausayin Maye. Na zaci Kaka za ta yi guɗa, amma sai ta ce a kai ta ɗaki.

To, ga inda Zuberu ya shigo maganar. Zuberu saurayin Nasira ne, mai cicinga, wato tsire, a mahaɗar Krofrom, kuma a wannan Lahadin manyansa za su kawo goron neman aure. Kaka ce za ta karɓa, domin kawunnanmu ba sa motsi sai ta gyaɗa kai. Yaron kirki ne, kowa ya shaida. Da asuba yake zuwa mayanka ya zaɓo nama, ya dawo ya yanka ya tsire, ya yi barci da rana, sai rana ta yi sanyi ya hau babur ya nufi wajen sana'arsa. A hanya yake biyowa ta gidanmu, daidai lokacin da ake kiran magariba. Ya tsaya a bakin barandar Kaka, ya durƙusa ya gaishe ta, "Mma" yake ce mata, wato uwa, ya yi magana biyu da Nasira ya wuce.

Washegarin karatun babin nan, Nasira na makaranta, Kaka ta kira ni ɗaki, ta sa na sakaya ƙofa.

"Balki, yaron ga, kin taɓa ganin shi da rana?"

Na ce barci yake yi da rana, sana'arsa ce ta gaji haka. Ta ce na taɓa ganin ya ci wani abu a gidan nan? Na ce wane saurayi ne zai zauna ya buɗe baki ya ci tuwo a gaban surukai, ai kunya ce. Ta ce idonsa fa, an ce mata ja ne kamar gauta. Na ce hayaƙin gawayi ne. Ta ce rannan ta ji Nasira na yi masa faɗan jini a hannun riga. Na ce Kaka, mahauci ne fa. Ta ce to shigowa, tunda yake zuwa ya taɓa taka barandar nan? Na ce ladabi ne, ba a ce ya shigo ba.

"Shi ma na cikin littafin ladabi gare shi paa," in ji Kaka. Ta ce ita ba ta ce komai ba, amma ba za ta taɓa goron kowa ba sai ta gani da idonta, duk da idon ba ya gani.

Dariya ta taso mini, sai tsoro ya danne ta. A Zango idan aka ce wa mutum maye, ba shi kaɗai aka ce wa ba, an haɗa da uwar da ta ba shi nono. Inna Fatu, mahaifiyar Zuberu, mace ce da ake girmamawa a unguwarsu. Kalmar nan in ta fita, ba goro kaɗai za a fasa ba, ba wanda zai ƙara tsayawa ya sayi naman Zuberu, kuma danginsa ba za su sake gaishe mu ba har a gidan makoki. Ga shi ɗakin da ke kallon namu na Barkisu mai kitso ne, wadda labari ke shiga kunnenta da safe ya kai Aboabo kafin azahar.

Da Nasira ta dawo na ja ta bayan gida wajen igiyar shanya na gaya mata. Ta fara dariya, ta ga fuskata, dariyar ta koma kuka. Ta ɗauko waya wai za ta kira shi ta ce in ya zo ya shigo kawai ya ci duk abin da aka ba shi. Na ce sai ya tambaye ta dalili, ita kuma ƙarya ba ta zama a bakinta, sai ta ce masa kakata na zaton kai maye ne? Kuma in ya afko ɗaki ba izini ya cinye tuwon surukai, Kaka za ta ce ba shi da tarbiyya. Ta kowace hanya yaron ya faɗi. Nasira ta ce ta tsani littafin nan, ta tsani wanda ya rubuta shi. Duk da haka na lura ba ta jefar da shi ba, ƙarƙashin filo ta tura shi.

Kaka da kanta ta aika a ce wa Zuberu tana son ganinsa ranar Asabar bayan azahar. Tun safe ta sa ni tuƙa tuwon zafi da miyar ayoyo, ta zauna kusa da kurfoti tana ba da umarni. Duk lokacin da na ce tafarnuwar ta isa sai ta ce a ƙara. Har Barkisu ta leƙo ta ce wa ke mura a gidan, na ce Kaka ce.

Ya zo ana tsakar rana mai zafin gaske, cikin farin kaftani mai guga, gumi na bin wuyansa, idanun nan jajur domin an hana shi barcinsa. Ya yi sallama, ya durƙusa a inda ya saba, daidai bakin baranda. Na sunkuya na raɗa wa Kaka cewa ga shi a rana bai ƙone ba. Ta ce in yi mata shiru.

Ta amsa sallamarsa, ta shiga gaisuwa. Ta tambayi mahaifiyarsa, ta tambayi ƙafar kawunsa da ke ciwo, ta tambayi kasuwa, ta tambayi ruwan da aka yi shekaranjiya ko ya shiga rumfarsa, ta koma kan mahaifiyarsa. Kalma ɗaya ce ba ta faɗa ba, shigo. Shi kuma bawan Allah yana durƙushe yana "lafiya lau, Mma," siminti na gasa masa gwiwa, ga kujera a cikin inuwa taku ɗaya daga inda yake. Barkisu na can ƙarƙashin mangwaro tana yi wa wata kitso, hannunta na kan mace, idonta na kanmu.

Sai Kaka ta tura kwanon tuwo gabansa da ƙafar sandarta, ta ce bismilla.

"Alhamdu lillahi, Mma, na ƙoshi."

Kaka ta juyo da fuskarta wajena a hankali. Nasira na bakin ƙofar ɗaki tana cizon mayafinta, na ga hawaye ya cika mata ido. Ni kuwa haushi ya kama ni, na Kaka, na littafi, har da na Zuberu da ladabinsa.

Kaka ta ce to shi ke nan, bari ta mayar da abincinta. Ta dafa sanda ta miƙe, ta ƙi in taimaka mata, ta yi taku biyu zuwa cikin baranda, sai ta ce "wayyo ƙafata," ta tafi ƙasa.

Ni na ga inda ta faɗi. Kan tabarmar da ta sa na shimfiɗa da safe ne, wadda ta ce a ninka bargo a ƙarƙashinta wai siminti na da sanyi. Amma Nasira ba ta lura ba, ta ƙwalla ƙara. Kafin ɗayarmu ta motsa Zuberu ya riga ya iso. Da takalmansa ya shigo, ya yi ƙwallo da kwanon miya, ayoyo ya wanke masa farin kaftani, ya sunkuya ya ɗauke Kaka cak kamar jaririya. Mutumin da ban taɓa jin muryarsa ta wuce raɗa ba, ga shi yana ba mu umarni: Nasira ta kawo ruwa, ni in fita in tsayar da mota, a ɗauko katin asibitinta. Yana ta kiran "Mma, Mma, ki buɗe ido."

Ban je ko'ina ba, domin ina kallon hancin Kaka. Idonta a rufe, amma hancin yana aiki, yana shinshinar ƙirjin kaftanin nan. Can ta buɗe ido ɗaya.

"Wa ya ce ka shigo?"

Zuberu ya daskare. Ya dubi takalmansa a kan tabarma, ya dubi miyar da ya zubar, ya dubi tsohuwar da ke hannunsa. Ya rasa ko ajiye ta zai yi ko fita da ita zai yi. Ya shiga ba da haƙuri, wai bai san lokacin da ƙafarsa ta kawo shi ba, a yafe masa.

"Mi kake sawa cikin yajinka?" in ji Kaka.

Ya ɗauka faɗuwar ta taɓa mata kai, ya dube ni. Na ce ya amsa mata. Ya ce ƙuli-ƙuli, citta, barkono, kanumfari, tafarnuwa.

"Tafarnuwa?"

"Da yawa, Mma. Ni nike daka ta da hannuna kullum."

Kaka ba ta da haƙoran cin cicinga, shi ya sa duk kunshin da yake kawowa mu muke cinyewa, ba ta taɓa sanin abin da ke ciki ba. Ta fashe da dariya a hannunsa, irin dariyar nan mai tari, ta ce ya sauke ta kafin ya karya mata ƙashi da gaske. Da ta zauna ta nemi hannun Nasira ta kama.

"Ke 'yar nan, duk ihun da kike yi mana a kan wancan, ashe Mai Paanu kika kawo gida."

Zuberu ya ce a'a Mma, nama yake sayarwa, ba paanu ba. Ni da Nasira muka kasa tsayuwa don dariya, ita tana yi tana share hawaye. Kaka ta bar mu muka gama, sannan ta juya wajensa, muryarta ta sauka yadda Barkisu ba za ta ji ba. Ta ce yarinyar nan tun tana rarrafe take hannunta, kuma ita yanzu ta kusa gida. Ta ce ladabi abu ne mai kyau, ta gode, amma abin da ya hana ta barci shi ne ta bar jikarta a hannun wanda zai tsaya a bakin ƙofa yana jiran izini ranar da ta faɗi.

"Yau na gani," ta ce. "Gobe su kawo goronsu."

Zuberu ya sunkuyar da kai. Sai Kaka ta daka masa tsawa ta ce kuma ya daina ce mata Mma, ita kaka ce, ba a jin kunyar kaka, in ma aure ne ita ta riga Nasira ganinsa. Ta sa na zubo wani tuwon. Ya juya mana baya ya fuskanci bango ya ci, tafarnuwa na sa shi hawaye, bai bar ko loma ba. Da zai tafi ta ce masa ƙofar nan an ba shi ita, daga yau kada ya ƙara tsayawa a rana.

Barkisu ta tare ni wajen famfo tana son jin abin da ya faru. Na ce Kaka ce ta zame, surukinmu ya ɗaga ta. Kafin la'asar labarin ya zaga unguwa cewa Nasira ta samu miji mai tausayi, wannan karon bakin Barkisu ya yi mana aiki. Ɗayar kalmar kuwa ba ta taɓa tsallake barandarmu ba. Ranar Lahadi aka kawo goro, Kaka ta sa na daka mata ɗaya a turmi don ta iya ci.

Babin ƙarshe na littafin tare da Zuberu aka karanta shi, yana zaune a kan kujerar nan ta cikin inuwa, abokin sana'arsa na riƙe masa wuta a Krofrom. Nasira ta canza wa mutumin littafin suna, ta koma ce masa Baƙon Dare, Kaka ma ba ta yi gardama ba. Aka ba Zuberu labarin a taƙaice, ya saurara da kyau, ya ce shi dai Baƙon Dare ya ba shi tausayi, mutum ne mai tarbiyya. Kaka ta ce a rufe masa baki da paanu.

Nasira ta karanta shafin ƙarshe a zuci, ta daɗe ba ta ɗago ba. Yarinyar mai gyaran agogo Baƙon Dare ta zaɓa. Ta bar Mai Paanu tsaye a gaban tandunsa da asuba, ta bi wancan suka bar garin. Abin da Nasira ta yi ta fata ke nan tun farkon littafin, na zaci za ta tashi ta taka rawa. Sai ta rufe shi a hankali, ta saci kallon Zuberu, ta ce ita dai ba ta san me ya sa ba, abin bai yi mata daɗi yadda ta zata ba.

Kaka ta buga sandarta a ƙasa ta ce a sake dubawa, ko akwai shafin da ya manne. Aka duba, babu. Ta tambaya a duk littafin nan, na farko da na biyu, ba wani babba a gidan su yarinyar? Nasira ta ce marainiya ce, ita kaɗai take zaune a saman shagonta. Kaka ta lalubo ƙafar Nasira da ke kusa da ita a kan tabarma, ta ɗora hannu a kai ta bar shi nan.

"Shi ya sa," ta ce. "Yarinyar ga ba ta da kaka."